Ragowar Atamfar Hajiya

Tun daga yadda Injiniya ya tsaya a bakin shago Auta ta san ba lafiya ba. Mutumin da kullum kafin ya gama sallama ya riga ya durƙusa gindin kekenta yana taɓa bel ɗin da ke juya shi, yana yi mata tsiyar tana tuƙa keken ɗinki kamar za ta je wani gari da shi, yau ga shi tsaye ƙiƙam, babu jakar kayan aiki, babu murmushi.

Injiniya dai suna ne da mutanen layin suka liƙa masa, gyaran keken ɗinki yake yi. Keken Auta kuwa, tsakani da Allah, ya fi kowane keke a layin yawan lalacewa, kuma babu wanda bai san dalili ba. Maganar aurensu ta riga ta je gaban manya, amincewar mahaifiyarsa, Hajiya, kawai ake jira.

"Shigo mana," in ji Auta. "Ka tsaya kamar wanda aka aiko da sammaci."

Ya shigo, ya zauna a bakin benci.

"Hajiya ta ce a bar maganar."

"Wace maganar?"

"Tamu."

Ƙafarta ta tsaya cak a kan keken. Ta zuba masa ido tana jiran ya fashe da dariya, don ya saba irin wannan wasan. Bai yi ba.

"Auta, atamfar nan da kika ɗinka wa Hajiya, koriyar nan mai zanen tsuntsaye, ina ragowarta?"

Ta buɗe baki za ta ce ai babu wata ragowar kirki, sai idonta ya faɗa kan buhun da ke jingine bayan ƙofa.

Kowane tela yana da irin buhun nan. Abin da almakashi ya zubar ƙasa, da yamma a share a zuba ciki, ba mai tambayar na wane ne. Wasu su ba masu cusa matashi, wasu su ƙone. Auta kuwa kunzugu take ɗinkawa da nata, irin wanda ake wankewa a sake amfani da shi: tawul mai laushi a ciki, 'yar leda a tsakani don kada ya zubo, atamfa a baya, sai maɓalli a fikafikansa. Wata nas ce a asibitin unguwa ta tara mata ta koya musu, da ɗinkin da bayanin lafiyar duka. Sauran suka watse, ita ta riƙe abin da hannu biyu.

Duk yammacin Asabar 'yan mata sukan cika shagon, ta ja labule, ta yi musu bayanin al'ada dalla-dalla. Abin da iyayensu mata ke faɗa da harara da ƙwafa, ita da baki take faɗarsa. Kuma kullum sai ta nanata musu a wanke da sabulu a shanya a rana, a daina cusawa ƙarƙashin katifa inda zai kwana da danshi ya jawo ƙaiƙayi da ciwo.

'Yan matan kuwa sun ji magana, har ta so ta yi yawa.

Kansa a ƙasa Injiniya ya ba ta labarin. Hajiya ta ci ado da sabuwar atamfarta ta shiga maƙwabta duba mara lafiya, tsakar gida cike da mata. Tana cikin gaisawa ta ɗaga kai, sai ga tsuntsayen jikinta suna lilo a igiyar shanya, an baza musu fikafikai a rana. Da a nan aka tsaya da sauƙi. Sai ƙaramar 'yar gidan, wadda ba ta san komai ba, ta nuna da yatsa ta ce, "Lah! Hajiya ta yi anko da kunzugun Yaya!"

Mata suka cusa baki cikin mayafi, kafaɗu na rawa. Hajiya ko ɗakin mara lafiyar ba ta shiga ba ta juyo gida.

Abin takaicin, dabarar Injiniya ce tun farko. Shi ya lallaɓa Hajiya ta ba Auta ɗinkin don ta ga hannunta, ita kuma Auta ta zuba duk basirarta a wuyan rigar nan. Wajen share ƙasa ne kawai hannu ya yi abin da ya saba.

"Wallahi ban lura ba," in ji ta. "Ka san hannu kawai nake sawa cikin buhun, abin da ya fito shi ke nan."

"Na sani. Na faɗa mata har bakina ya gaji."

"Me ta ce?"

"Ta ce ba za ta haɗa zuri'a da mai tallan abin kunya ba. Ta kuma ce ba a banza kika yi ba."

"Kamar yaya ba a banza ba?"

"Ni ma ban gane ba. Tun ranar ba ta leƙa ƙofar gida, ba ta cin abin kirki, duk ta zabge. Ban taɓa ganin fushi ya kwantar da mutum haka ba."

A shagon kusa wani keke yana ta sharara gudu, ana dariya. Injiniya ya ɗauki wani guntun zare yana naɗewa a yatsa.

"Da za ki ɗan ajiye aikin nan," ya ce a hankali, "ko zuwa a ɗaura aure. In samu abin da zan je mata da shi."

Hawayen da take riƙewa suka zubo.

"Kai ma kunyar kake ji ke nan?"

"Haba, Auta. Da ina jin kunya, ni zan zauna ina buga miki maɓallan nan har hannuna ya yi kanta? Abokaina har suna suka sa min, na taɓa faɗa miki?"

"To me ya canza?"

"Uwata ce. Ita kaɗai gare ni, ni kaɗai gare ta."

"Na sani, kuma ban ce ka saɓa mata ba." Ta share fuska da bayan hannu, wasu suka sake zubowa. "Amma ka san wata yarinya da ta zo min kwanan baya? Kwanaki ta yi tana bin 'yan gidansu ɗaya bayan ɗaya tana neman gafara, suna yi mata dariya. Jini ta gani, ta ɗauka mutuwa ce ta zo. Babu wanda ya taɓa ce mata komai, Injiniya. Ƙawarta ce ta jawo ta nan tana karkarwa. Idan irinta ta zo ta tarar na rufe baki, ina za ta?"

"Ni kuma ina zan je?" ya ce.

Idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Ba ta taɓa ganinsa haka ba, sai tausayinsa ya danne nata. Ya miƙe ya fita. Ranar ce ta farko da ya bar shagon bai ɗiga wa keken mai ba.

Da la'asar ta rufe shago ta nufi gida. Hanyarta dole ta bi ta gaban kemis, mai kemis kuwa kamar jiranta yake. Ya daɗe yana sonta, ya kuma daɗe yana bi ta hannun Innarta da man zafi da maganin ƙafa. Mutum ne mai tsafta da ƙamshi, ba a raba shi da farar riga. Yana sayar da audugar mata, amma ba ya iya kiran sunanta, "kayan nan" yake cewa, ya ninka mata baƙar leda kan baƙar leda, ya miƙa yana kallon silin.

"Ranki ya daɗe, na ji abin da ya faru," ya ce yana gyara murya. "Ban ji daɗi ba, wallahi. Ni a gidana ko keke ba za ki taɓa ba, balle tsummokara."

"Na gode. Tsummokaran ba su kawo min ƙara ba."

Ta yi gaba. Ya biyo ta taku kaɗan, ya rage murya.

"Kina ta wahala a kan mutumin da ba ki sani ba. Gidan da babu mace sai tsohuwa, wa ake saya wa kayan nan? Matar da ke musu shara ta daɗe tana zuwa saye, watanni ke nan. Ki tambayi Injiniyan naki wa ya ajiye."

Ba ta juyo ba, amma maganar ta shige ta. Kishi ya taso mata, ga haushin kanta da ta tsaya sauraro. Wai mutumin da ba ya iya furta sunan abu, shi ne ke iya kirga masu sayensa yana bazawa a titi.

Labari ya riga ta isa gida. Inna na zaune bakin ƙofar ɗaki ta miƙe ƙafafu tana shafa man zafi, fuskar nan a tsuke.

"Sannu da zuwa, mai wa'azin kunzugu. Kin ga abin da nake gudu ko? Duk unguwa sunanki ake yi. Na ce ki tsaya a riga da zani kamar kowace tela, kika ce ke sai abin da ake ɓoyewa."

"Inna, don Allah."

"Don Allah me? Ga bawan Allah nan mai kemis, yana da sana'a, yana da mutunci, bai taɓa fasa gaishe ni ba. Wancan kuma uwarsa ta ce ba ta yi. Za ki zauna kina jiran gawar magana ne? Ni da na haife ki, kin taɓa jin kalmar nan a bakina?"

"Ban taɓa ba, Inna. Shi ya sa ranar da ta fara zo min na wuni a banɗaki ina kuka, kina ta ƙwala min kira kina cewa na tsiri lalaci."

Hannun Inna ya tsaya a kan gwiwarta. Ta daɗe tana kallon kwalbar man, sannan ta rufe ta.

"Mu ma haka aka yi mana," ta ce, ba da faɗa ba. Can ta nisa. "Amma ki ji nan. Aikinki daban, laifinki daban. Kayan mutum ko zare ne sai a tambaye shi. Kin kunyata babbar mace a gaban mutane. Gobe ki je ki durƙusa ki ba ta haƙuri, ba don aure ba, don ta haife ki."

Washegari da hantsi Auta ta zazzage buhun, ta tsince duk wani ƙyalle mai tsuntsu, ta ƙulle a leda. Injiniya ya raka ta. A hanya sau da yawa maganar mai kemis tana zuwa mata baki tana haɗiyewa, don in ta kalli yadda ya faɗa a kwana ɗaya sai ta ji ba za ta iya ba. A tsakar gida ya tsaya, ya nuna mata ɗakin da haɓa.

"Ina nan. Duk abin da ta ce, ki yi shiru kawai."

Ta cire takalmi ta yi sallama. Sai da ta maimaita aka amsa.

Ɗakin da duhu, an sauke labule da rana tsaka. Turare ya yi yawa har yana hawa kai, irin yawan da ake yi idan ana son danne wani wari. Ƙarƙashin gado akwai bokiti da murfi, an tura shi can ciki amma bakinsa ya leƙo. Hajiya na kishingiɗe a kan gado. Macen da Auta ta auna kwanan baya, mai jiki da murya, yau wuyanta duk ya fito, leɓɓanta sun yi fari.

Auta ta durƙusa nesa kaɗan, ta gaishe ta, ta ajiye ledar.

"Hajiya, na zo ba da haƙuri. Na yi kuskure babba. Ragowar kayanki hakkinki ne, ban tambaye ki ba na taɓa. Ga abin da ya rage. Wallahi ban yi don in wulaƙanta ki ba."

Hajiya ta kalli ledar, ta janye ƙafarta kamar an ajiye mata garwashi.

"Tura ƙofar nan."

Auta ta tura, ta dawo ta durƙusa.

"Ke yarinya, me na yi miki? Don na ce zan yi tunani? Ai da kin bari, da na amince. Sai ki ɗauki tufar jikina ki yanka, ki raba wa yara su zuba mata jini?" Muryarta ta karye. "To ya kama ni, hankalinki ya kwanta. Ki je duk inda kika kai sunana a karya asirin. In yaron nan kike so, ai ba sai kin kashe ni ba."

"Hajiya, me ya kama ki?"

"Kya tambaye ni!"

Ta juyar da kai bango, kafaɗunta suka fara rawa. Auta ta kalli bokitin, ta kalli fararen leɓɓan nan, maganar mai kemis ta dawo mata, sai dai yanzu ba da kishi ba. Ta matsa da gwiwoyinta har bakin gado.

"Hajiya, jini kike gani?"

Sai kuka, irin na babban mutum da ya daɗe yana riƙewa, marar sauti sai jan numfashi.

"Shekara da shekaru rabona da shi," in ji Hajiya da ƙyar. "Tun yaron nan yana makaranta ya ɗauke. Yanzu da furfurata, ina zaman jiran jikoki, in koma wanke-wanken 'yan mata a ɓoye? Ko sallata ban san matsayinta ba. In yi, in ji kamar na yi laifi. In bari, in ji na fi laifi. Wa zan tambaya? Da wane bakin?"

Auta ma kuka take yi. Ta manta da surukuta, ta manta da ledar, ta kama hannun Hajiya. Sanyi ƙalau, tafin fari fat.

"Hajiya, na rantse da wanda raina ke hannunsa ban kai sunanki ko'ina ba, ban ma san hanyar ba. Ƙyalle ba ya jawo wa mutum jini. Amma don Allah ki faɗa min gaskiya, kafin ki ba ni atamfar nan, ba ki ga komai ba?"

Hajiya ta share hawaye.

"'Yan ɗigo-ɗigo ne," ta ce. "Ya zo ya tafi. Na ce ko zafi ne. Tun ranar da na ga abin nan a igiya ne ya ɓalle."

"Kin gani, ya riga atamfar. Hajiya, wannan ba al'ada ba ce. Nas ɗin da ta koya mana ta ja mana kunne sosai a kan wannan. Ta ce duk macen da jini ya ɗauke mata ya kuma dawo, ko ɗigo ne, asibiti za ta, kada ta jira. Sau da yawa ƙaramin abu ne a ba da magani ya wuce. Wani lokacin kuma ba ƙarami ba ne, amma in an je da wuri ana samun sa'a. Zaman nan da kike yi shi ne abin tsoro. Dubi hannunki, jininki ƙarewa yake yi."

"In je in kwanta gaban yaran da na haifi kamarsu, su buɗe ni? Allah ya kiyaye."

"Akwai likitoci mata. Ni zan shiga da ke, zan tsaya a kanki. Mu tafi yanzu, ni da ke, mu ce unguwa za mu. Ba sai kowa ya sani ba."

"Ba inda za ni. Uwata ba ta je ba, kakata ba ta je ba. In kwana ya ƙare, gara in tafi da mutuncina."

Auta ta yi magiya, ta haɗa ta da Allah, ta kawo wannan ta kawo wancan. Hajiya ta bar ta ta gama tas. Sannan ta yunƙura ta zauna, ta gyara ɗankwali, ta ƙare mata kallo kamar yau ta fara ganinta.

"Na yarda ba ke ba ce," ta ce. "Mai mugun nufi ba ta irin wannan kukan. Kuma kina da hankali, na gani. To ki saurare ni. Abin da kika ji yau, ko matar da ke min shara ba ta san na wane ne ba, ce mata nake yi sadaka nake bayarwa. Ki riƙe min. Ki yi min alkawari yaron nan ba zai ji ba har abada. Ɗana ne namiji, ba zan iya haɗa ido da shi ba in ya san wannan. In kin yi min haka, na janye maganata. A yi auren. Ɗinkin naki ma ki ci gaba, ba zan hana ki ba."

Auta ta ɗago kai.

"In kuwa ya ji," Hajiya ta ci gaba, "to ko bayan raina ban yarda ki taka gidan nan da sunan matarsa ba. Kin san shi, ba zai tsallake maganata ba."

Ta san shi kuwa. Shi ya sa maganar ta yi mata nauyi.

Ga duk abin da ta kwana tana roƙo an ajiye mata a gaba, Injiniya da aikinta, babu wanda za ta rasa. Kalma ɗaya kawai za ta ce. Zuciyarta har ta fara kawo mata dabara: ki amsa yanzu, in kin shigo gidan kya lallaɓa ta a hankali. Sai ta sake kallon hannun da ke cikin nata. A hankalin nan wata nawa ne, kuma wa ya ce jikin nan zai jira? Ta hango kanta a tsakar gidan nan tana zuba masa abinci, yana tambayarta me ke damun Hajiya, tana cewa gajiya ce.

"Hajiya," ta ce, hawaye na ɗiga a kan zanin gadon, "ina son ɗanki. Ban taɓa faɗa a gaban babba ba, yau na faɗa, ki yafe min rashin kunya. Ina sonsa har ban san yadda zan yi in babu shi ba. Da wani sirrin ne, wallahi da shi za a binne ni. Amma wannan ba zan iya ba. In kin ce mu tafi asibiti yanzu, bakina ƙanin ƙafata, ba zai ji daga gare ni ba. In kin ce ba za ki ba, shi kaɗai ne zai iya ɗaga ki daga gadon nan."

"Kin fi son ki tona min asiri ke nan."

"Na fi son ki rayu, ko kina fushi da ni."

"Ba za ni ba, na ce."

Auta ta saki hannun a hankali, ta miƙe. Ƙafafunta sun yi tsami don durƙuso, sai da ta dafa bango. Tana kama ƙofar ta ji muryar Hajiya a bayanta, ƙasa-ƙasa.

"Yarinya, ki tuna abin da na ce."

Hasken tsakar gida ya kashe mata ido. Injiniya na zaune kan wata tsohuwar kujera, yana ganinta ya zabura ya miƙe. Ya ga kumburarrun idanunta, ya ga kuma an daɗe ba a ji faɗa ba, sai fata ya bayyana a fuskarsa ƙarara, har ya ba ta tausayi.

"Yaya? Ta haƙura?"

"Ta haƙura," in ji Auta. "Ta ce a yi auren."

Ya ɗaga hannu sama zai yi hamdala, ta tare shi.

"Tsaya, ban gama ba. Ta ce sai in na ɓoye maka wani abu, ni kuma ba zan ɓoye ba. Ba fushi ne ya kwantar da Hajiya ba, Injiniya. Jini take zubarwa, ta daɗe, kunya ta hana ta faɗa. Yau ɗin nan ya kamata likita ya gan ta, kada ka bari ta ce maka gobe."

Ya tsaya yana kallonta kamar bai ji da kyau ba. Sai ya kwasa da gudu ya wuce ta, ya faɗa ɗakin yana kiran Hajiya, ko takalmi bai cire ba.

Auta ta tsaya ita kaɗai a tsakar gida. Tana jin muryarsa yana tambaya yana roƙo, tana jin kukan Hajiya ya fito fili yanzu, babu sauran riƙewa. Cikin kukan ta tsinci maganar da ta san za ta zo.

"Ka ce ta fita min daga gida. Ka ce kada in ƙara ganinta."

Ta jira ko za ta ji ya ce wani abu. Bai ce ba, haƙuri kawai yake ba uwarsa.

Ta sunkuya ta sa takalmanta, ta ja mayafi ta goge fuska, ta fita kamar yadda aka ce. A ƙofar gida hanyar gidansu tana hagu. Ta yi dama, ta nufi bakin titi, ta tsaya cikin rana tana ɗaga wa motoci hannu, ko za ta samu wadda za ta kai Hajiya asibiti.